Bedin Gidan Wakili

Wakili ya kama ƙotar gatarin tun kafin Inusa ya sake ɗaga shi. Saran farko ya riga ya shiga, ɓawon ya tsage, farin jikin reshen ya bayyana.

"Ba a sara nan, Inusa. Ka sani."

"Saki, Yaya Wakili." Muryar Inusa ta dushe saboda kuka. "Innata na kwance an yi mata sutura. Mi kaka so in jera mata cikin kushewa, takalmina?"

Hawa'u, mahaifiyar Inusa, ta cika bayan asuba. Ba wata cuta ta kwantar da ita ba, zafi ne kawai ya dafa ta a ɗakin kwano, kamar yadda ya yi wa tsofaffi da dama a wannan gefen na Birnin Konni tun da bazara ta kama. Hantsi bai gama ɗagawa ba amma ƙasa ta fara ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Masu zaman makoki sun jeru a ƙarƙashin itatuwan bedi, wato dogon yaro, da ke bakin hanya, kowa ya takure a cikin 'yar inuwar da ba ta wuce faɗin tabarma ba.

Waɗannan itatuwa su ne abin alfaharin unguwar, kuma su ne ciwon kan Wakili. Unguwa ce sabuwa, gonaki ne aka yanka filaye, babu ko kargo da ya tsira daga masu gini. 'Yan damunan baya mutane suka gaji da gasuwa, suka haɗu suka dasa bedi tun daga masallaci har bakin kwalta. Aka ba kowane gida nasa. Mata na zuba musu ruwan wanke-wanke, masallaci na tara ruwan alwala a rabin ganga, 'yan kabu-kabu na ɗauko jarka a kyauta ran da famfo ya yi gardama. Wakili, wanda ya yi shekara da shekaru yana jan motar siminti daga Malbaza kafin bayansa ya ƙi, shi aka ba shugabanci, don yana da murya kuma ba ya jin kunyar yi wa babba faɗa a kan akuyarsa.

Shi ne kuma ya kawo dokar, a ƙofar masallaci, gaban mai unguwa: gatari ba ya taɓa itacen hanya, ko da na kabari ne. Ya ga abin da ya faru a unguwar bayan tasha. Da reshe ɗaya aka fara, don gawa, wa zai hana? Yau kututture ne kawai a jere. Don kada a bar mamata haka, sai aka buga tubalin laka aka tara a maƙabarta, a riƙa rufe ramin ciki da shi maimakon itace. Dabara ce mai kyau. Sai dai babu wanda ya zaci za a yi ta mutuwa haka a bazara ɗaya. Tubali ya ƙare, ruwan da za a kwaɓa wani kuwa ko na sha bai isa ba.

Baba Mutari mai haƙar kabari ya iso, ƙasa har gwiwa, rawaninsa ya jiƙe sharkaf.

"Kushewa ta samu," in ji shi. "Na biya wurin masu icce, duk hwaskare na, gajeru, ba su haye ramin. Amalanke ba ta shigowa daga dawa sai ran kasuwa. Kuma kun san zahin ga. Baiwar Allah ba ta jiran azahar."

Wakili bai saki gatarin ba. Da Inusa ne kaɗai, wataƙila da ya kau da kai a sari reshe biyu. Amma ga Hamza tela can tsaye jikin bango ya harɗe hannuwa. Kwanakin baya mahaifin Hamza ya rasu, Wakili ya hana shi wannan itacen, sai da ya kwance rumfar shagonsa ya kai sandunan maƙabarta. Tun ranar a cikin rana yake ɗinki, kuma bai ƙara gaida Wakili ba.

Hamzan ne ya yi magana, a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba.

"Dokar ta iccen hanya ta, ko ba haka ba, shugaba? Ai akwai icce unguwar ga wanda doka ba ta hau ba."

Babu wanda ya juya, amma kowa ya san inda ake nufi. Ta saman katangar Wakili ana hango kan babban bedi, kore shar, shi kaɗai a duk unguwar. Mahaifinsa ya dasa shi tun wurin yana gona. Kuma kowa ya san wadda ke kwance a ƙarƙashinsa.

Wakili ya saki ƙotar. "Ku ba ni ɗan lokaci," ya ce. "Kada wanda ya taɓa wanga."

Da ya shiga gida sai ya ji kamar ya sa kai a randa. Inuwar bedin ta rufe rabin tsakar gida. A nan aka fito da gadon Inna Kubura, mahaifiyarsa, tun ranar da ta some a ɗaki aka kwashe ta zuwa asibiti. Likita bai ɓoye musu ba: zuciyarta ta gaji, kada a bar ta a ɗakin kwano, kada rana ta same ta, a yi ta shafa mata ruwa. Matarsa Zahara'u na zaune bakin gadon tana tsoma zane a roba tana matsewa. Tsohuwar ta rame har gadon ya yi mata yawa, idonta a rufe.

Wakili ya wuce su. Ya shiga zagaya gidan kamar wanda ya yar da allura. Ƙofofi na ƙarfe ne. Tagogi ƙarfe. Rufin kwano ne a kan ƙarfe, gadaje ma haka. Lokacin da yake ginin nan da simintin da ya yi ta ɗaukowa, har dariya ya yi wa masu azara, ya ce shi ya gama da gara har abada. Yau ga shi a tsakiyar gidansa yana neman sanda ɗaya mai tsawon kamu biyu, abin da ya samu bai wuce taɓarya da muciya ba.

"Wakili."

Ya dawo ya durƙusa a gaban gadon. "Na'am, Inna. Sannu. Ya jikin?"

"Hawa'u ta tahi ko?"

Ya dubi Zahara'u, ta girgiza kai, alamar ba ita ta faɗa ba.

"Ba ni buƙatar a gaya mani," in ji tsohuwar. "Kullum war haka ta aiko a tambayi kwanana. Yau shiru, sai sallamar maza nika ji. Allah shi jiƙan ta." Ta ɗan huta. "Mi anka rasa? Na ji ka kana buɗe-buɗe."

Ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi. "Icce, Inna."

Ta buɗe ido ta kalli sama, inda ganye ke motsi kaɗan-kaɗan.

"To mi kaka jira?"

"Inna, likita ya ce..." Zahara'u ta fara.

"Likita bai san Hawa'u ba, ɗiyata. Tare anka kawo mu garin ga muna amare. Ran da na haihi wanga," ta nuna Wakili da haɓa, "ita ta yanke mishi cibiya. In kwanta cikin inuwa, ita ƙasa ta zubo mata bisa ido?"

"A bar shi ya ba da na hanya mana," Zahara'u ta ce, hawaye na zubo mata. Ta juya ga mijinta. "Malam, reshe biyu kawai. Wa za ya ce maka wani abu? Kai ka aza dokar, kai ka iya ɗage ta."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Zai iya. Amma ya san in ya ɗage ta yau don uwarsa ta sha inuwa, ba shi da bakin hana kowa gobe, kuma gobe akwai wata gawar, yadda bazarar nan take tafiya. Kafin ruwa ya sauka layin nan zai koma kututture, wahalar matan unguwa da jarkokin 'yan kabu-kabu ta tashi a banza. Ya ji tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da birki ya tsinke masa da lodi a gangara. Ya tashi ya leƙa waje ya kira Baba Mutari da Inusa.

Inusa ya tsaya a zaure ya ƙi shigowa. Sai da Inna Kubura ta ɗaga murya iya ƙarfinta ta ce, "Shigo, ɗan Hawa'u, gidanku na," sannan ya shigo, kansa a ƙasa, ya durƙusa a gaban gadon.

Wakili ya nuna rassan gabas. Ranar safe da sauƙi, in aka cire su tsohuwa za ta iya jurewa. Baba Mutari ya ɗaga kai ya daɗe yana dubawa, ya ƙwanƙwasa ɗaya da bayan gatari.

"Wanga ya karkace, wancan kuwa ƙwaro ya cinye cikinai. In an aza ƙasa karyewa za su yi bisa gawa." Ya nuna da gatarin, shi ma ba daɗi yake ji ba. "Masu kyau ga su nan, yamma."

Aka ja gadon gefe. Wani saurayi cikin masu makoki ya hau. Kowane sara sai Zahara'u ta runtse ido. Reshe na farko ya faɗo da ƙara, ƙura ta tashi, ɗacin ganyen bedi ya cika gidan. Da na biyu ya faɗo sai rana ta zubo tsakar gida gaba ɗaya, fara fat, a wurin da ba ta taɓa sauka ba tun Wakili yana yaro. Aka daddatse su a nan, aka ɗaure, har ganyen aka kwashe don a shimfiɗa a kan itacen kafin a sa laka. Hamza ne ya ɗauki ɗaurin farko. Da ya zo wucewa ta gaban Wakili ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya fasa ya wuce.

An rufe Hawa'u kafin azahar. Wakili ya tsaya bakin kabarin yana kallon Baba Mutari na jera itacen ɗaya bayan ɗaya, ɗanye, yana ta zubar da ruwa. Sun zauna daram, babu inda ƙasa za ta bi. Mutane suka yi ta miƙo masa hannu suna cewa Allah ya saka, shi kuwa ji yake kamar ya kwashe su da mari. A hanyar dawowa ya bi ta layin bedin. Suna nan yadda ya bar su, yara na wasa a ƙarƙashin ɗaya, wata mai awara ta kafa kaskonta a ƙarƙashin wani. Bai ji daɗin ganin su ba ko kaɗan.

Ya tarar Zahara'u ta ɗaure tabarma da zannuwa a igiyar shanya ta kare yamma. Ba su yi komai ba. Rana ta ratsa su, bangon siminti ya ɗauki zafi yana mayarwa, iskar da ke shigowa kamar daga bakin tanda. An ja gadon an manna shi da gindin itacen, inda 'yar inuwa ta rage a ƙarƙashin reshe ɗaya da ya miƙe ta tsakiya. Numfashin Inna Kubura ya sauya, gajere-gajere, leɓɓanta sun bushe.

"Ta ƙi shan komi," Zahara'u ta raɗa masa. "Kuma an ce tsohon da ke gidan mai gyaran rediyo ma tun ɗazu ba ya gane mutane."

Wakili ya karɓi zanen daga hannunta ya tsoma a roba. Ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka. Ya matse ya shafa wa mahaifiyarsa a goshi, a wuya, a tafin hannu. Yana so ya ce ta yafe masa, amma ya san faɗa za ta yi.

"An rufe ta lahiya?" ta tambaya.

"Lahiya lau, Inna."

"Iccen ya isa?"

"Ya isa. Har da saura kaɗan."

"Madalla."

Ta lumshe ido har ya zaci barci ya ɗauke ta. Can sai ta ɗaga hannu da ƙyar, ta nuna sama da yatsa.

"Wakili, diba wancan. Na tsakiya, miƙaƙƙen."

"Na gan shi, Inna."

"Masu neman icce za su dawo, gobe ko jibi. Ko wa ya zo, ka ba shi haƙuri. Kada ka ba kowa shi." Ta sauke hannun a kan ƙirjinta. "Wanga nawa na."

"Haba Inna, wace irin magana ta wagga," in ji Zahara'u, ta juya baya tana share ido da bakin zane.

Wakili ya ɗaga kai don kada su ga fuskarsa, sai ya tarar idonsa na bin reshen tun daga gindi har ƙarshe, kamu-kamu, yadda ya ga Baba Mutari ya yi da safe. Ya sauke ido ya dubi tsawon tsohuwar a kan gado. Zai isa.