Tsuntsayen da Malam Gwadabe Bai Gani Ba

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauki Malam Gwadabe, bai sauke shi ba sai da gari ya waye, kuma ya sauke shi a gajiye tiɓis.

Amma kafin a shiga mafarkin, gara a san mai shi. Malam Gwadabe tsohon malamin sakandare ne, dogo, mai son a yi komai bisa ƙa'ida. Shi ya kafa ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta garinsu shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin da 'yan gari ke cewa boko ne ya taɓa shi, in ba haka ba me zai sa magidanci ya wuni a fadama yana leƙen abin da ba zai ci ba. Yanzu su goma sha ɗaya ne, kuma dokarsu guda ce, shi ya kafa ta da bakinsa: ba a rubuta tsuntsu a littafin ƙungiya sai mutum biyu sun gan shi. Ido na biyu kuwa kullum nasa ne. Wani ya nuna, Malam ya ɗaga madubin hangen nesa ya ce, "Na gani," sai Malama Tasalla, tsohuwar ɗalibarsa da ke riƙe da littafin, ta rubuta.

To, tun ƙarshen daminar bara yanar ido ta fara rufe masa gani, bai faɗa wa kowa ba. Madubin yake ɗagawa, ya ga duniya fari fat kamar koko, ya ce ya gani. Wanda ya fi ci masa rai shi ne na watan Disamba. Tasalla ta yi shekara goma sha ɗaya tana neman gauraka, tsuntsun nan mai tukku da ya yi ƙaranci har yaran yanzu ba su san shi ba. Ran nan ta hango shi can ƙarshen ruwa, ta ce, "Malam, duba!" Ya duba, bai ga komai ba, ya ce ya gani. Ta rubuta tana share hawaye da gefen mayafi. In ya faɗi gaskiya yanzu, dokar da ya kafa za ta soke mata gaurakanta. In bai faɗa ba, ga fitar bazara da safe, babbar fitarsu ta shekara, inda sukan je fadama su sallami tsuntsayen da ke komawa ƙasashen Turawa kafin zafi ya gasa su, kuma zai sake wuni yana shaidar zur. Da wannan ya kwanta yana juyi.

Sai ga shi a tasha da takalmi ƙafa ɗaya, yana neman motar ƙungiya. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a cikinta. Malam ba shi da lema, ruwan ya shiga ta ƙafar wando ya fita ta wuya. Bai yi mamaki ba, haushin kansa kawai ya ji da bai duba ƙasa ba kafin ya fito.

Ya tambayi wata mai tuya ko ta ga motar. Tana tsame ƙosai daga mai yana komawa ƙullu, tana zubawa a buhu yana zama wake.

"Ai ta tashi tun gobe, Baba," in ji ta. "Ka makara. Amma kada ka wahalar da kanka zuwa daji, an ɗauke fadamar, an mai da ita hawa na uku a sakatariya."

"Da ruwan duka?"

"Har da kwaɗin."

Ya sa gudu, shi da gwiwarsa ba ta yarda da ko sassarfa ba. Titin kuwa a kaikaice yake tafiya. In ya nufi gabas sai ya tsinci kansa a kudu, in ya nufi sakatariya sai ya ga bayan kasuwa. Sai da ya yi dabara ya nufi asibitin ido, inda ya fi ƙin zuwa a duniya, sannan ya ga kansa a ƙofar da yake nema.

A saman ƙofar an rubuta Ofishin Sallamar Tsuntsaye. Wani bunsuru ne a bayan tebur, da hula zanna da biro a bayan kunne, yana cin wani fayil a hankali daga gefe. Akuyoyi biyu na buga takardu da kofato.

"Kai ne Gwadabe?" in ji bunsurun, bai ɗago ba. "Tun safe ake jiranka. Ba mai tashi sai ka sa baki."

"Ranka ya daɗe, ni fa kallo kawai nake yi."

"Haka kowa ke cewa." Ya haɗiye abin da ke bakinsa. "Waɗanda ka gani shekarun baya duk mun buga musu hatimi, sun fice ta rufi. Na bana ne suka maƙale. Kuma ka yi sauri, ruwan fadama na hawa sama, in ya ƙare mun rufe sai baɗi."

Ya jawo aljihun teburinsa. A ciki akwai wani dogon layi wanda ba a ganin ƙarshensa. Malam ya tattare rigarsa ya shiga.

Tsuntsaye ne jere, kowa da ƙunshin kayan tafiyarsa, kuma ba guda ɗaya da ya cika. Tsattsewa ba wutsiya. Agwagin ruwa da fiffike ɗaiɗai. Wani kwasakwasa baki ne kawai da ƙafafu, tsakaninsu iska na wucewa. Ba wanda ya zage shi, kowa dai ya juyo yana kallonsa da idon da ya samu. Malam ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma, ya sunkuyar da kai zai wuce, wata agwagwa ta tare shi.

"Malam, mu ne ɗari da arba'in ɗin nan na ranar Asabar. Ka ce ka gan mu. Ina sauran jikinmu?"

"Ku yi haƙuri, sauri nake."

"Mu ma saurin muke. Akwai hamada a gabanmu, bayanta akwai teku. Da fiffike ɗaya za mu ƙetare?"

Ya laluba aljihu, ya sami guntun alli. Ya durƙusa ya zana mata fiffike mai kyau, har da gashinsa ɗaya bayan ɗaya, don Malam ya iya zane tun yana koyarwa. Bai gama ba ruwan ya taso daga ƙasa ya wanke shi. Ya sake zanawa, ya sake wankewa. Agwagwar ta ce ya bari haka, yana yi mata cakulkuli.

Sai ga shi zaune a kan benci a tsakar gidansa. Bai san yadda ya dawo ba, kuma hankalinsa na can hawa na uku. A kan katanga wasu zalɓe biyu sun tsaya, kowanne da madubin hangen nesa a wuya, ɗaya na riƙe da littafi.

"Ga wani can," in ji na farkon. "Tsoho, farar hula, takalmi ƙafa ɗaya. Irinsu sun yi ƙaranci. Duba mu rubuta."

Na biyun ya ɗaga madubi ya daɗe yana dubawa.

"Ban gani ba."

"Haba ɗan'uwa, ga shi nan yana motsi."

"Ban ƙaryata ka ba. Ni dai ban gani ba."

Na farkon ya rufe littafin. Tunda ba a rubuta Malam ba, bencin ya daina ɗaukarsa, ya zube ƙasa tim. Ya miƙe ya ɗaga hannuwa, ya yi ihu, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da makarantun da ya koyar, ba wanda ya kula shi. Amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne sauƙin da zalɓen ya faɗi maganar, ko gezau, har yana sosa wuya da ƙafa. Kalma uku kacal, shi kuwa ya yi wata bakwai yana ɗauke da su ya kasa saukewa. Zalɓen suka tashi tare, suna hirar kifi.

Ya kama matakalar sakatariya. Hawa na ɗaya, hawa na biyu, sai kuma hawa na ɗaya. Ya sauka da baya, ya isa na uku.

Fadamar na nan shimfiɗe daga bango zuwa bango, da ciyayinta da warin taɓonta. Ruwan na barin ta ɗigo ɗigo yana tafiya rufi, ƙananan kifaye na bin sa, suna iyo a saman kan mutum. Duk layin tsuntsayen nan ya biyo shi, sun tsaya a bayansa da kayansu. Can tsakiya Tasalla ce tsaye, ruwa iya gwiwa, ta ba shi baya tana rubutu. Kusa da ita Malam ya ga inuwar gauraka a cikin ruwa, da dogon wuya da tukku, komai ya cika. Amma inda tsuntsun ya kamata ya tsaya babu komai.

"Sannu da zuwa," in ji inuwar.

"Kai ne na Disamba?"

"Ni ne. Ina nan ranar, ita ta gan ni sarai. Kai ne ka shiga tsakani ka mai da ni abin tuhuma."

"In na faɗa, za a soke ka."

"A soke ni mana. Ni ba a littafi nake kwana ba."

"Ba ta kai nake ba," in ji Malam. "Ta yarinyar nan nake. Shekara goma sha ɗaya tana nemanka. Tun tana aji biyu ban taɓa faɗa mata abu ta yi shakka ba."

"To ci gaba da tsayuwa," in ji inuwar. "Ruwa dai na tafiya."

Ya duba, ruwan ya koma iya ƙwauri. Ya kira sunan Tasalla, ta ce na'am, ba ta juyo ba. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji bakin ya ce, "Na gani." Nan take wata rabin tsattsewa ta faɗo daga hannun rigarsa, ta karkaɗe jiki ta je ta bi layi. Ya sake gwadawa, bakin ya sake cin amanarsa, wata rabin agwagwa ta faɗo. Tasalla na ta rubutawa. Ya kama haɓarsa da hannu biyu ya matse, zufa na keto masa tana hawa sama tare da ruwan.

Bunsurun ya leƙo da makullai a baki.

"Saura ƙiris, Gwadabe."

Ruwan ya dawo iya idon sawu. Inuwar gaurakan ta fara tsagewa tare da taɓon da ke bushewa. Tsuntsayen suka ɗora kayansu a ka, suka matso. Malam ya ja numfashi, ya tattara kalmomin nan uku a kan harshensa, ya ji sun zauna daidai. Sai inuwar ta miƙe wuya ta yi kuka, ta sake yi, ta sake, kukan na ƙara tsawo da kauri har ya cika ɗakin.

Hon ɗin motar Ilu direba ne a ƙofar gida.

Malam Gwadabe ya farka bai faɗa ba. Ko kiran salla bai ji ba, ga haske ya riga ya shigo ta taga. Ya yi alwala ya yi sallarsa a makare, ya lalubi madubin a inda yake rataye shi, ya fito yana bin bango da hannu kamar yadda ya saba yi in ba mai kallonsa.

Motar ta cika, ana ta hayaniya da raha, wani na cigiyar hularsa, wata na rabon dabino. Tasalla na tsaye a bakin ƙofar motar da littafin a buɗe.

"Malam, barka da asuba! Yau da sa'a muka fito. Shamuwar farko ta bana ta sauka a kan rimin masallaci, damina ta kusa. Duba mu buɗe shafi da ita."

Kowa ya juyo yana jiransa, kamar kullum. Ya ɗaga madubin, ya kai shi rabin hanya, ya sauke.

"Ban gani ba, Tasalla."

"Ga ta can, Malam, reshen dama, sama da..."

"Ba reshen ba ne. Idona ne. Tun ƙarshen daminar bara ban ga tsuntsu ko ɗaya ba. Duk abin da na ce na gani, ban gani ba."

Ilu ya kashe mota. Tasalla ta daɗe tana kallon littafin, sannan ta fara buɗe shafukan baya a hankali, Maris, Fabrairu, Janairu. Ta tsaya a Disamba.

"Har da shi, Malam?"

"Har da shi."

Ta cire murfin biro, ta ja layi ɗaya a kan gaurakanta, a miƙe, yadda shi ya koya mata a aji. Ta mayar da murfin biron.

"Ku matsa wa Malam ya zauna," in ji ta, ba ta ɗago kai ba.