Tukunyar da Ke Cikin Motar Baba

Tun ranar da Sajida ta karɓo lasisin tuƙi kanta ke rawa. A kicin ma, in za ta juya daga murhu zuwa firij, sai ta leƙa kafaɗarta tukuna ta ga ko wani na tahowa. Abin da ya ƙara zuga ta shi ne maganar da mahaifinsu, Alhaji Jabiru, ya yi a kan abincin rana: ya gaji da cunkoson Jidda, zai ajiye tuƙi, mukullin farar jif ɗinsa kuma zai koma hannun ɗaya cikin 'ya'yansa biyu. Ko ita, ko ƙanenta Mus'ab, wanda ya fara tuƙi tun gemunsa bai fito ba, yake kuma ganin mukullin nan tamkar an riga an rubuta sunansa a jiki.

Sajida na son mukullin nan kamar ranta. Da shi za ta daina tsayuwa a bakin titin unguwarsu Safa tana jiran tasi rana na dafa ta, ta daina lallashin Mus'ab ya kai ta wurin aiki yana hura mata hanci.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a wuya. A gaban sitiyarin motar akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke kunnawa in iskar taya ta ragu. Siffarta sak tukunya da muciya a tsaye a ciki, shi ya sa tun da aka sayi motar Baba ya raɗa mata tukunya, in ta kunna kuma a ce tukunya ta hau wuta. To duk sanda Sajida ta ari motar ta yi nisa da gida, sai tukunya ta hau wuta. Ta je wurin mai faci ya auna tayoyi, lafiya ƙalau. Ta dawo gida ta faka, kafin ta kira wani ya zo ya gani, fitila ta mutu kamar ba ita ba. Laifinta ɗaya, bakinta ba ya riƙe magana, ita da kanta ta ba da labarin a gida.

"Ni da nake zuwa masallaci da ita kullum ban taɓa gani ba," in ji Baba.

"Sayyara ba ya son hannunki, Yaya, halas, magana ta ƙare," in ji Mus'ab. Haihuwar Jidda ne, Larabci ya cika masa baki, mota sayyara ce a wurinsa, Hausarsa kuma ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba.

Baba ya yanke hukunci. Ranar Juma'a da safe Sajida za ta ja shi zuwa Bahra gaida ƙanwarsa, shi yana gefenta. In suka je suka dawo tukunya ba ta hau wuta ba, mukulli nata ne. In ta hau, na Mus'ab.

Ranar Alhamis da la'asar ta dawo daga aiki, tukunya na ci bal-bal, ta tarar wani maƙwabci ya tare musu wurin fakin. Dole ta tsaya a tsallaken titi. Ta zauna tana jiran fitila ta mutu yadda ta saba, fitila ta ce ba ta san zancen ba. Can maƙwabci ya fita, ta gyara ta shiga wurinsu da ke jikin matakalar bene, ba a jima ba tukunya ta sauka. Sajida ta ƙura wa wurin ido. A ƙarƙashin matakalar, daf da ƙofar direba, akwai wani tuli da aka lulluɓe da tamfol. Ta fito ta ɗaga. Tayoyi huɗu ne da ƙarafunansu, ƙarafunan da ta sani sarai, don ita ce ta taɓa goga ɗaya a jikin dakali tana koyon ribas.

Ta hau bene da gudu, abayarta a hannu, ta ritsa Mus'ab a ɗakinsa ta turo ƙofa.

"Tayoyin wa ke ƙarƙashin matakala?"

Ya yi tsuru-tsuru, sannan ya saki. Da sanyi ya shigo, shi da abokansa sun fara fita kashta, wato zaman shan shayi da gashin nama a cikin yashi bayan gari. Tayoyin Baba ba sa iya yashi, sai ya samo masu faɗi na hannu a kasuwar gwanjo ya sauya a ɓoye, da niyyar mayarwa in zafi ya dawo.

"Bas, matsalar ita ce sababbin ba su da hassas," ya ce yana sosa ƙeya. "Wani ɗan abu ne a cikin taya, shi yake gaya wa sayyara akwai iska ko babu. Yana cikin tsofaffin."

Sai dariya ta ƙwace wa Sajida. Ashe duk wannan baƙin jinin da aka shafa mata, motar kewar tayoyinta take yi! In ta yi nisa ta kira su ba su amsa ba sai ta kunna fitila, in ta dawo kusa da su ta ji muryarsu sai hankalinta ya kwanta. Masallacin Baba kuwa ga shi nan a bayan layi, kafin mota ta farga an dawo. Ta yi dariya har ta zame ta zauna a ƙasa tana dukan katifa.

Gyaran ba wuya, a mayar da tsofaffin tayoyi. Sai dai Baba ya riga ya karɓi mukulli don sallar magariba, ba zai sake fito da shi ba sai da safe, safiyar Juma'a kuwa babu mai facin da zai buɗe. Nan dabara ta faɗo mata, irin dabarar da ke zuwa wa mutum yana cikin dariya, wadda ya kamata ya ji tsoronta.

"Tunda ba ta iya rabuwa da su, da su za mu tafi. Kai za ka loda, in ba haka ba Baba ya ji labarin kashta."

"Yaya, haram alaiki, ni ne fa abokin takararki!"

"Yalla, maza."

Da safe, Baba na sa babbar riga, aka cusa biyu a but, biyu a kujerar baya, aka rufa musu bargo. Mus'ab ya matse a tsakiyarsu ya rungume kowacce da hannu ɗaya, kamar wanda aka ba rakiyar 'yan biki masu jiki. Baba ya shigo ya shinshina.

"Warin roba nake ji. Mene ne wannan a baya?"

"Kaya ne, Baba," in ji Sajida, ta tayar da mota da sauri.

Suka fita Safa, suka hau babban titi. Sajida ta wuce inda tukunya ta saba kamawa, ba ta kama ba. Daɗi ya cika ta har tana jin sitiyarin ba nauyi. Ta ba da sigina inda ake bayarwa da inda ba a bayarwa. Ta ba wata motar ruwa hanya har da ɗaga hannu. Duk kwanar da ta sha sai ta ji Mus'ab ya yi nishi a baya, ita kuma ta cije leɓe kada dariya ta tona mata asiri.

Sun kusa fita gari, tukunya ta hau wuta.

Ta dubi madubi, Mus'ab ya zaro ido yana latsa tayar da ke damarsa da babban yatsa, yatsan na nutsewa. Zaman da tayar ta yi a ƙarƙashin matakala ya sa iskarta ta riƙa sacewa a hankali, sai yanzu ta kai maƙura, motar kuma, baiwar Allah, gaskiya ta faɗa. Shi ke nan, mukulli ya tafi.

Baba ya gyara tabarau ya sunkuyo ya leƙa gaban sitiyari. Ya daɗe yana kallo, fitilar na haska masa gilashi.

"Masha Allah," ya ce, ya koma ya jingina. "Har yanzu shiru. Ai na ce hannunki lafiya lau."

Dariyar da ke cikin Sajida ta tsaya cak. Fitilar ba ta fi kamu biyu daga fuskarsa ba, bai gan ta ba. Ashe ba cunkoson Jidda ne ya gajiyar da shi ba, idonsa ne. Tausayinsa ya kama ta. In ta yi shiru mukulli nata ne, Mus'ab ma ba zai iya buɗe baki ba.

"Baba," ta ce, "ta hau wuta. Tun ɗazu."

Ta shiga gidan mai na farko ta faka, ta yaye bargo, ta zayyana masa komai, har da kashta, Mus'ab na salati a baya. Baba ya fito ya zagayo ya shafa tayar da ke zaune a kujera. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Wato taya kuka ɗauko a mota, don kada mota ta yi kewa?"

Ya sa aka jawo tiyon iska ta taga. Ma'aikatan gidan man suka bar abin da suke yi suka taru suna kallon yadda ake ba fasinja iska. Da suka hau titi fitila ta mutu, Mus'ab ya yi kabbara, Baba ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye da hannun riga.

Da dariyar ta lafa, ya zaro tarin mukullansa daga aljihu, ya lalubo na motar da yatsa, wanda yake ajiyewa na ko-ta-kwana, ya ɓalle shi ya ajiye mata a cinya.

"Wanda ke hannunki da wannan, duka ki riƙe. Wadda za ta faɗa min abin da ban gani ba nake nema." Ya juya yana kallon titi. "Wancan koren allon da ke zuwa, me aka rubuta?"

"Bahra, Baba. Hannun dama."

"To ki riƙa karanta min su da ƙarfi. Zancen idon nan kuwa, Mamarku ni zan gaya mata da bakina."