Ranar da Baba Abilio Ya Yi wa Janar Aski

A gidan kula da tsofaffi da ke bayan cocin garin, aikin Zulmira shi ne ta samo wa masu ciwon mantuwa abin yi, don kada su wuni suna kallon bango. Ta iya aikinta kuwa. Ta sa tsofaffi sun fere dankali, sun ninke tawul, sun yi waƙar girbin zaitun har mai girki ta leƙo tana share hawaye. Mutum ɗaya ne ya gagare ta, wato Baba Abilio.

Shi Baba Abilio mai aski ne, a shagonsa na bakin kasuwa ya ƙare ƙuruciyarsa. Tun da 'yarsa ta kawo shi gidan ya ɗinke bakinsa. An ba shi fenti ya zana fure, ya ture. An jefa masa balan-balan, ya bar ta ta daki goshinsa ta faɗi, ko ƙiftawa bai yi ba. Abin da kawai yake yi shi ne ya zauna bakin taga yana bin ƙeyar duk wanda ya wuce da kallo, yana tsaki.

Wata Laraba Zulmira ta kwashi tsofaffinta a ƙaramar bas zuwa gonar Firmino, ƙanen mijinta, mai kiwon awaki yana yin cuku. Ta ce ko ba komai su sha iska, su taɓa dabba. An shimfiɗa musu tebur ƙarƙashin bishiyar ɓaure, ga burodi, ga cuku, ga man zaitun. Firmino ya fito da gashin bakinsa mai kama da tsintsiya, yana janye da wani ƙaton bunsuru fari.

Ya ce, "Iyayena, ga Janar. Ranar Lahadi zai shiga gasar dabbobi a birni. Ku dubi gemun nan! Duk lardin nan babu irinsa. Da man zaitun nake shafe shi."

Gemun kam gemu ne, ya sauko har gwiwa. Wari kuma ba a magana.

Inna Odete, wadda ta yi zamanin koyarwa a firamare, ta toshe hanci ta ce, "Wannan yaron ɗan gidan waye? A ce wa uwarsa ta yi masa wanka."

Aka kwashe da dariya. Firmino ya ɗaure Janar a jikin ɓauren, ya shiga ɗaki ɗauko kofi. Ita kuwa Zulmira sai ta lura jakar Inna Odete tana motsi. Ta matsa, ta ga kan kaza ya leƙo.

"Inna, me ke cikin jakar nan?"

"Ɗaliba ce. Ta ƙi yin shiru a aji, zan kai ta ofishin hedimasta."

Kafin Zulmira ta lallashe ta, kazar ta yi tsalle ta fice, Inna Odete ta bi ta da sandarta tana kiran ta marar kunya, Zulmira ta bi Inna Odete, suka zagaya bayan rumbu. Da ƙyar aka sasanta, bisa sharaɗin kazar za ta zo da ubanta gobe.

Suna dawowa Zulmira ta ji wata murya da ba ta sani ba, murya mai daɗi, ta mutumin da ya saba hira.

"Ɗaga haɓa, ranka ya daɗe. Yauwa. Kai, amma ka daɗe ba ka leƙo mu ba! Wane mugun ne ya yi maka askin baya? A birni ko? Na sani. Yaran birni ba su iya komai ba sai kunna rediyo."

Ta tsaya cak. Baba Abilio ne. Ya yaye ƙyallen tebur ya ɗaura wa Janar a wuya, ya samo almakashin sausayar tumaki da ke rataye a bango, yana ta ƙyas-ƙyas-ƙyas a iska kafin ya kai hannu, yadda gwanaye ke yi. Bayansa da kullum yake a rankwafe ya miƙe sambal. Sauran tsofaffin maza sun jera a benci, kowa ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, suna jiran layi. Janar kuwa ya lumshe ido yana tauna gefen ƙyallen, ga rabin gemunsa a ƙasa.

Abin da ya kamata Zulmira ta yi ta san shi sarai. Shugabar gidan ta hana a bar almakashi kusa da kowa, ko na yankan farce. Amma ta dubi hannun tsohon, hannun da ke rawa in ya ɗauki cokali, ta ga ko gezau ba ya yi. Sai ta lallaɓa ta tsaya kusa da shi, ta riƙe ƙahon bunsurun.

Ya ce da ita ba tare da ya waiwayo ba, "Ke ce sabuwar yarinyar shagon? Miƙo turare. Wannan bawan Allah daga gona yake, kin dai ji da hancinki."

Janar ya ce, "Meee!"

"Gaskiyarka," in ji Baba Abilio. "Ni ma haka na ce. Mai tsaron ragar ƙungiyar nan tamu ko ƙwallon tsumma ba zai iya kamawa ba. A sallame shi kawai."

Daidai nan Firmino ya fito da tiren kofi. Ya ga gemu a ƙasa, ya ga Janar da ɗan tsinin gemu kamar na malamin jami'a. Tiren ya suɓuce, kofuna suka tarwatse.

"Wayyo Janar! Zulmira, kin kashe ni! Me zan kai gasa? Ɗan maraƙi? Ke da kika ce su taɓa dabba kawai!"

"To ai taɓawar ce ya yi," in ji Zulmira, tana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata. "Yi haƙuri, ƙanena. Aski ya riga ya zo gaban goshi, bari ya ƙarasa. Rabin gemu ai ya fi muni."

Baba Abilio ya daidaita gefen hagu da na dama, ya hure gashin da ya maƙale, ya ɗauki tiren da ya faɗi ya goge da hannun riga, ya riƙa wa Janar a bayan ƙeya kamar madubi. Janar ya lashi tiren. Sai tsohon ya kwance ƙyallen, ya kaɗe shi fat, ya juyo ya ƙura wa gashin bakin Firmino ido.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Firmino ya rufe bakinsa da hannu biyu, ya fara ja da baya.

"Zauna," in ji Baba Abilio.

"Baba, ni ban zo aski ba, nan gidana ne."

"Kowa haka yake cewa. Da wannan abin kake shan miya? Zauna, yaro, mutane na jira."

Tsofaffin benci suka ɗauka, "Zauna mana! Ka ɓata mana lokaci!" Inna Odete ta ɗaga sanda. Firmino ya dubi Zulmira, ta ɗaga kafaɗa. Haka ya zauna kan bokiti a kife, aka ɗaura masa ƙyallen da bunsuru ya gama taunawa, yana zare ido. Da aka gama, matarsa ta fito daga ɗakin cuku, ta dube shi ta ce rabonta da ganin leɓensa na sama tun ranar bikinsu.

Janar bai ci komai a gasa ba. Zulmira kuma ta sha faɗa wurin shugaba, faɗa mai kyau, ta tsaya ta shanye. Amma da aka gama faɗan ta roƙi alfarma, aka ba ta wani lungu kusa da ɗakin cin abinci. Ta ajiye kujera da madubi, da mataji, da injin aski mai batir wanda ba ya yanka fata. Baba Abilio bai tuna bunsuru ba, bai tuna gona ba, washegari ma da ta ba shi labari cewa ya yi ƙarya take. Amma duk ranar Alhamis, da zarar ta ɗaura masa farar riga, sai bayansa ya miƙe, bakinsa ya buɗe. Direban bas ya zauna, mai gadi ya zauna, har limamin cocin ya zo aka rage masa saje ɗaya ya fi ɗaya.

Wata Alhamis 'yar Baba Abilio ta zo ziyara da mijinta. Bai gane su ba, amma ya tarbe su da fara'a irin ta mai shago. Surukin, don ya faranta masa, ya cire hula ya hau kujera. Kansa tal yake, sanƙo tun daga goshi har ƙeya.

Baba Abilio ya zagaya shi, ya duba ta nan, ya duba ta can, ya ajiye inji. Ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi.

"Ɗan'uwa, ka makara."

Sai ya ɗauki tawul, ya hura wa ƙoƙon kan iska, ya shiga gogewa.