Kamun Ba Kyari

Ranar da likita ya gaya wa Ba Kyari cewa ciwon daji ne ya kama masa furostat, wato 'yar ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsara, tambayarsa ta farko ita ce, "Zai bar ni in yi dashe?"

Likitan ya ɗauka bai ji da kyau ba. Amma matarsa Ya Fanna, da ke zaune a gefe, ta ji sarai, har ta harare shi.

Hanya uku aka shimfiɗa masa. Ko a yi aiki a cire, ko ya tafi Yamai a gasa wurin da na'ura kusan wata biyu, ko a zuba ido ana awon jini lokaci-lokaci. Likita ya ce ta ukun ta fi dacewa da ciwon da ke kwance, nasa kuwa ya fara motsi, ga shi an gano shi da wuri. Ba Kyari bai ji wannan ƙarshen ba. Kalmar zuba ido kaɗai ya ɗauko ya sa a aljihu.

Kada a ga laifinsa da yawa. Tun da rikici ya kore su daga bakin kogin Komadugu suka dawo cikin Diffa, bana ne aka bari suka koma gona. Irin tattasansa ya tsiro kore shar, saura dashe. Kuma duk bakin kogin an san shi, ba ya yarda wani ya dasa masa ko tushe ɗaya. Da kamun hannunsa yake auna tsakanin shuka da shuka, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, wai kamun kowa ko ya yi yawa ko ya gaza.

A gida ya yi ta juya maganar. Wuƙa dai yana tsoronta, musamman da aka ce fitsari kan iya ƙin riƙuwa bayan aiki, mutum ya dinga sabunta alwala. Gashin na'ura kuwa bai ƙi ba, nisan ne da lokacin.

"Malam, ka bar wa Abatcha dashen mana," in ji Ya Fanna.

Abatcha maƙwabcinsu ne, wanda ya tsallako kogi daga Damasak da iyalinsa lokacin gudu, Ba Kyari ya ba shi ɗaki a gidansa.

"Abatcha? Kin ga tsawon hannunsa? Ai sai raƙumi ya wuce tsakanin shukata!"

Ta tashi ta ci gaba da aikinta. A wajen Ya Fanna kuwa wannan bai taɓa zama alamar ta haƙura ba.

Washegari bayan azahar yana kishingiɗe a inuwar darbejiya, barci ya ɗauke shi. Can ya ji ana taɓa masa hannu. Yana buɗe ido sai ga Ya Fanna durƙushe, ta jera karan dawa a hannunsa tana gwadawa. 

"Fanna! Likkafani kike auna mini tun ina numfashi?"

"Da kara ake auna likkafani? Miƙe hannun, ka karkace mini shi."

Ta ɓalle karan daidai kan yatsansa, ta leƙa zaure ta kira Abatcha, wanda dama yana can yana jira, yana danne dariya. Ta miƙa masa.

"Ga hannun Malam. Shi zai yi dashe, sauran jikin za mu tafi da shi Yamai."

 Ba Kyari ya karɓi karan ya gwada da kansa, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Sai a lokacin ya yarda a ransa cewa ba tattasai kaɗai ya riƙe shi ba, tsoro ne, kuma matar nan ta daɗe da sani.

"Ba Kyari," Abatcha ya ce, "da na zo ban da komai, ɗaki ka ba ni. Ka bar ni in yi maka wannan."

Ran tafiya, kar, wato babbar motar fasinja, ta fara motsi a tasha, Ba Kyari ya zuro kai ta taga yana ɗaga murya.

"Abatcha! Kada akuya ta cinye karan nan!"

"Kwantar da hankalinka," in ji Ya Fanna, tana jawo shi ya zauna. "Goma na ɓalle."