Hoton Riƙon Ƙwarya

Shagon Baba ɗan tsukuku ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule. Katin shaida suke bugawa, da takardun talla, da ɗan allon nan da ake maƙalawa a ƙofar ofis don a san mai ofis yana da suna. In ka shiga, warin tawada ne zai fara gaishe ka kafin Baba ya gaishe ka. Tebur na kirki ɗaya ne a shagon, na bakin taga, mai babbar kwamfuta da kujera mai juyawa, daidai inda iskar fanka take kaiwa. Sauran sai dai a kira su tebur don kada su ji haushi.

Kujerar nan Yaya yake kallo tun gemunsa bai fito ba. Shi ne babban ɗan Baba, shi ne kuma mai zanen shagon, kuma a faɗi gaskiya ya iya. In ya haɗa launi sai ka ji kamar ka lasa. Da idon Baba ya fara hazo, Yaya ya fara tafiya a shagon yana goya hannu a baya, irin tafiyar mai jiran gado.

Yadda yake aiki kuwa, zai zana kati ɗaya mai kyau, shi suke kira samfuri. Sai ya kwafe shi, ya buga sunan mutum da yatsa ɗaya, ya jawo hotonsa ya daidaita, ya datse kunnen da ya fita, ya ciji harshe, ya ja da baya ya kalla. Sannan ya sake kwafa don mutum na gaba. Masu kawo aiki su yi ta zarya, shi kuma yana ta ce musu gobe.

Yana da wata ɗabi'a kuma. Ba a nuna wa mai aiki samfuri da rami a wurin hoto, dole a sa wata fuska ta riƙe wurin kafin mai wurin ya zo. Wasu masu zane sukan sa inuwar kai kawai. Yaya fuskarsa yake sawa. Hoto ne da ya ɗauka shekarar da ya yi aure, gashin baki ya sha mai, tabarau ba na magani ba, hannu a ƙarƙashin haɓa, yana kallon nesa kamar an ce masa jirgi zai sauka a kansa. Hoton riƙon ƙwarya yake kiransa. Duk samfurin da ya fita daga shagon nan, da fuskar nan ya fita.

Ana nan sai Auta ta gama karatu ta dawo. Ƙanwarsa ce, wadda shi ya riƙa goya ta tana zuba masa majina a wuya. Aka ba ta teburin can baya kusa da kwalaye. Ba ta daɗe ba aiki ya shigo daga makarantar rainon yara, wadda 'yar Yaya ma can take zuwa. Kowane yaro ana so a yi masa katin ratayawa a wuya, da hotonsa, da sunansa, da ajinsa, da ɗan layi a ƙasa na abin da malamai za su kiyaye game da shi. Yaran kuwa ga su nan kamar tururuwa.

Ranar Baba ya ce, “Da mun miƙa aikin makarantar nan zan tashi daga kujerar nan. Idona ya gaji. Wanda zai zauna, zan faɗa.”

Yaya ya sunkuyar da kai irin na ladabi. A zuciyarsa har ya fara tunanin matashin da zai ɗora a kai.

Ya zana samfurin, shuɗi mai sanyi da 'yan tsuntsaye a gefe, ya dasa fuskarsa a tsakiya, ya naɗe hannun riga zai fara kwafa. Sai Auta ta ce, “Yaya, ɗan dakata. Ara min shi.”

“Ki yi me da shi?”

“Ka dai ara min.”

Abin da ta yi, ta buɗe wani jadawali a kwamfutarta, gurbi-gurbi kamar kiret ɗin ƙwai. Kowane yaro da layinsa, nan gurbin suna, nan na aji, nan na hoto. Ta ɗaura gurbin suna da wurin suna a jikin samfuri, ta ɗaura na hoto da wurin hoto, kamar mai ɗaure awaki kowace a turkenta. Sannan ta danna wani wuri sau ɗaya. Katuna suka fara ƙyanƙyashewa a allo, yaro bayan yaro, kowa da fuskarsa da sunansa. Kafin shayin Baba ya huce an gama ajin farko.

Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa na taɓa allon. “Ke Auta! Duk wannan yanzu-yanzu? Allah ya yi miki albarka.” Ya koma ya zauna, ya sake cewa, “Allah ya yi miki albarka.”

Albarkar nan ta biyu ita ta tsaya wa Yaya a maƙogwaro. Shekara da shekaru yana cizon harshe a shagon nan, abin da ya fi ji daga bakin Baba shi ne, har yanzu ba ka gama ba?

“Wannan ba zane ba ne,” in ji shi. “Cika buhu ne.”

“Zanen ai naka ne, Yaya. Ni dako kawai nake yi masa. Zo in nuna maka, ba wuya. Abu ɗaya za ka kiyaye, duk gurbin da aka bari ba komai, to abin da ke jikin samfurin shi zai zauna a wurin.”

Ta faɗa, kowa ya ji, har mai gyaran waya da ya leƙo kallo ya gyaɗa kai. Yaya ne kaɗai bai ji ba. Kunnensa yana wajen mai gyaran waya da ke cewa, “Kai, Baba, ashe kwamfutar taku tana da ƙwaƙwalwa, direba ne ba ta samu ba.”

A gida ma bai tsira ba. Yana cire takalmi matarsa ta ce, “An ce Auta ta yi aikin sati cikin shan shayi?”

“Wa ya ce?”

“Matar mai labule. To kai da can me kake yi har kake dawowa kana cewa in danna maka baya?”

Bai ci abincin kirki ba. Yana kallon kwano yana ganin Auta a kujera mai juyawa, fanka na kaɗa mata gyale, shi kuma yana can kusa da kwalaye yana ce wa masu aiki, ku jira ƙanwata ta zo.

Ranar da shugabar makarantar za ta zo ganin katunan kafin a buga, Auta ta fita cin abinci da azahar ta bar jadawalinta a buɗe. Baba yana kujerarsa, ya kife hula a fuska, numfashi na fita a hankali. Yaya ya leƙa ƙofa, ya leƙa Baba, ya sulale zuwa teburin baya.

Bai san kan jadawalin nan ba, amma ya san maɓallin sharewa, ya kuma gane jerin da Auta ta ce shi ke kiran hotuna. Ya gangara tsakiya inda ido ba zai faɗa da wuri ba. Ya sa yatsansa ɗaya, ƙwas, ya sauka, ƙwas, ya sauka. Ko sunayen bai karanta ba, idonsa na kan ƙofa. Ya share da ɗan dama, ya mayar da allon sama yadda ya same shi, ya koma teburinsa ya ɗauki rula yana aunawa, ba a san me ba.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Za a danna, katuna su fito da ramuka fari fat. Shugaba ta ɓata rai, Auta ta rikice. Shi kuma sai ya yi gyaran murya ya ce, a bar min, zan yi da hannu yadda aka saba.

Da la'asar shugabar ta iso, babbar mace mai babbar jaka, tabarau a ƙarshen hanci, da muryar da ta saba tsayar da kukan yara. Baba ya tashi ya ba ta kujerarsa. Auta ta kawo aikin babbar kwamfuta, ta fara nuna mata katin yaro na farko.

“Kai, wannan ya yi kyau,” in ji shugabar. “Tsuntsayen nan fa! Wa ya zana?”

“Babban ɗana,” in ji Baba. “Duk layin nan ba mai hannunsa.”

Yaya bai taɓa jin wannan daga bakin Baba ba. Ya ji daɗi, sai kuma ya tuna abin da ya yi da azahar. Ya buɗe baki zai ce a dakata, amma me zai ce a dakata a yi? Auta ta riga ta danna.

Katuna suka fara zubowa. Ga mai kumatu, ga mai giɓi, ga wadda aka ɗauka tana tsakiyar kuka. Shugaba tana ta kiran sunayensu tana murmushi. Can sai murmushin ya ɗauke. Ta tura tabarau sama.

Ba rami aka gani ba. Yaya aka gani. Gashin baki, tabarau, hannu a haɓa, yana kallon jirginsa, tsuntsaye sun kewaye shi. A ƙasa an rubuta ajin 'yan ƙanana.

Shugaba ta karanta layin ƙasa da ƙarfi, don ta saba karanta wa aji. “Yana tsoron kyanwa.”

Kati na gaba, shi ne dai. “Kada a ba shi madara, tana ɓata masa ciki.”

Na gaba. “Yana cizo in an taɓa masa kaya.”

Na gaba. “A riƙa tuna masa zuwa bayan gida.”

Mai gyaran waya, wanda ba a gayyace shi ba, ya riƙe ƙofa yana neman numfashi. Shugaba ta ci gaba da gangarawa, Yaya na ta fitowa, aji guda cur na masu gashin baki. Can ta tsaya a kan wani, ta kalli allo, ta kalli Yaya.

“Malam mai zane, wannan ba sunan 'yarka ba ne? Na san tana kama da kai, amma ban lura ta fara gashin baki ba.”

“Kun gani ko!” in ji Yaya. “Ranki ya daɗe, dama na faɗa, abin inji ba shi da tabbas. Da da hannu ne…”

Auta ta matsa gaban allon. Ta buɗe jadawalin, ta gangara, ta ga gurabun hoto wayam a jere. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ɗago ta kalli yayanta sau ɗaya. Ta buɗe kwafin da ta ajiye tun safe, ta danna. Yaya ya ɓace daga katunan, yara suka dawo wurarensu.

“An gyara, ranki ya daɗe,” in ji ta.

Shugaba ta share hawaye da bakin gyale. Ta ce a buga duka, amma don Allah a buga mata na mai gashin bakin nan guda ɗaya, mai sunan 'yarsa, za ta nuna wa malamai. Ta fita tana dariya har bakin titi.

Baba ya sallami mai gyaran waya, ya tura ƙofa. Bai zauna ba, ya dafa bayan kujerar.

“Kai Babba,” in ji shi, yana kallon Yaya.

“Na'am, Baba.”

“Idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Auta in tana buga abin nan, kamar ruwan sama ne a kan kwano. Kai kuwa kamar kaza ce ke tsattsagar hatsi. Yau da azahar na ji kaza a teburin Auta.”

Yaya ya kalli ƙasa. Auta ta kalli kwalaye.

“Dannawar nan da take yi, kowa zai iya koya,” in ji Baba. “Tsuntsayen nan ba kowa ba. Kujerar nan taka ce har azahar ɗin yau.” Ya juya ta ta fuskanci Auta. “Zauna.”

“Baba, da dai…”

“Na ce zauna.”

Ta zauna a bakin-baki kamar kujerar na da zafi. Fanka ta fara kaɗa mata gyale, daidai yadda Yaya ya gani a cikin kwanon abincinsa.

Washegari ya bi samfuransa ɗaya bayan ɗaya yana cire hoton riƙon ƙwarya, yana sa inuwar kai mara ido mara baki. Har yau shi ke zane, ita ke cikawa, kuma ba a ƙara ce wa kowa gobe ba. Ya koyi jadawalin ma, da yatsa ɗaya. In kujerar ta yi ƙara wajen juyawa yakan ɗago kai, sai kuma ya mayar.

Katin nan guda ɗaya kuwa, da malamai suka gama dariyarsu sai suka ba yarinyar. Ta ƙi nata na gaskiya ƙememe, ta ce ita na Babanta take so. Kullum da safe shi ke kai ta makaranta, tana riƙe da yatsansa, fuskarsa na lilo a ƙirjinta. Mai gadin ƙofa kuma bai taɓa fashi ba, sai ya kama katin ya duba, ya ɗago ya duba Yaya, ya ce, “To, ƙaramin mai gashin baki ya shiga aji. Babban kuma ya koma gida.”