Haddar Python

Tare Malam Dogara da Ɗanbala suka sayo jagorar koyon Python, yaren kwamfuta, don makarantarsu ta Birnin Kudu na neman mai koyar da shi. Dogara ya ɗauke ta kamar karatun allo, ya ce ba zai taɓa kwamfuta ba sai ya sauke. Ɗanbala kuwa shafin da yake buƙata kawai yake buɗewa, yana kwaɓawa yana gyarawa.

Ɗanbala aka ba ajin.

Dogara ya taya shi murna kamar mai haɗiyar garwashi. "Shafi nawa ka haddace?"

"Ko ɗaya, Alaramma. In na manta littafina, kai zan kira."

Washegari kuwa Ɗanbala ya manta ɗin, ya kira shi. Abin haushi, Dogara ya karanto masa tsaf.