Sabon Rumbun Nata'ala

"Aje ƙwaryar nan!" in ji Inno. Ta fizge kunun daga hannun Rahamatu, matar ɗanta, har ya zube bisa tabarma. "Ɗana ba shi ƙara shan komi daga hannunki."

Ina tsaye bakin ƙofa da tulun ruwa. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Nata'ala a Kankiya, kuma tun da ya kwanta da amai da gudawa nake shiga ina fita. Mutumin da ke ɗaukar dami biyu yana waƙa, ga shi yashe kamar tsumma, tafin hannunsa duk ya saɓule.

Aikinsa tsaron akwatunan wani Nasara da muke kira Baturen Ƙwari. Daga Maraɗi, inda Faransawa ke mulki, ake kawo su bisa jakuna, su zauna a zauren Nata'ala har motar Kano ta zo. Na taɓa leƙa ɗaya: fara, buzuzu, malam-buɗe-littafi, duk matattu, an tsire kowanne da allura ƙarƙashin gilashi. Kyansu ya sa ni ƙwalla, tsoronsu ya hana ni cin tuwo. Akwai farar hoda cikin gwangwani da yake barbaɗa musu don kada gara ta ci su. Baturen ya gargaɗe shi ya riƙa wanke hannu.

"Rowar maganinshi dai yake," Nata'ala kan ce, yana dariya.

Unguwa kowa da zancensa. Wasu suka ce ƙwarin ne ke ramuwa. Amma Inno, mahaifiyarsa, da ta taso daga Kusada, ba akwati take kallo ba, matarsa take kallo.

"Ke kin ci, yara sun ci, shi kaɗai ya faɗi? Mi kika zuba mishi?"

"Wallahi Inno..."

"Riƙe rantsuwarki."

Ranar da zai cika, da hantsi, ya kamo gefen zanen Rahamatu. "Bana geronku ba shi ɓaci," ya ce, murya can ƙasa. "Sabon rumbu, ko ƙwaro guda ba shi shiga. Na yi muku dabara." Har da murmushi. Muka ɗauka zafin ciwo ne. Kafin azahar aka rufa masa zane.

Da sadakar uku ta zo, Inno ta ce Rahamatu ba za ta taɓa gumbar ba, kuma ba za a ɗebi hatsin da take dafawa ba. A fasa sabon rumbu, wanda Nata'ala ya liƙe da hannunsa. Mutanen unguwa sun cika ƙofar gida, yara na leƙe suna jiran rabonsu.

Ni na yi sussuka. Na ga fari-fari a jikin zangarniya, na ɗauka toka ce, don da toka muke tsare hatsi. Sai da Inno ta zuba geron a turmi tana juya shi da hannu, idona ya kai gindin rumbun. Jerin kiyashi ya zo wurin tsabar da ta zube, ya tsaya nan. Babu mai motsi. Maganar Nata'ala ta faɗo mini.

"Inno, dakata!"

"Ke ma ta saye ki?"

Na nuna mata matattun kiyashin. Rahamatu ta tashi daga ƙofar ɗakin takabarta, ta nufi zaure, ta dawo da gwangwanin hodar. Ta kife shi gaban Inno. Ko ƙura bai zubar ba.

Can gefen turke, kazar da ta riga kowa tsattsagar geron ta kwanta da haƙarƙari, tana shure ƙasa a hankali.

Inno ta daɗe tana duban kazar. Ta jingine taɓarya jikin katanga. Sannan ta miƙa hannuwanta biyu, fari fat har wuyan hannu, ba ta ɗaga kai ba.

"Rahamatu," ta ce, "zo zuba mini ruwa."